Idan Motar Ta Iso Zuma

Hassana 'yata,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da inda za ki sauka, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da masu yi miki dariya a fuska su cuce ki a bayan ido. Amin.

Za ki yi mamakin ganin takarda a kan jakarki alhali labule kawai ya raba ɗakina da naku. Kin san halina. Idan na buɗe baki faɗa ke fitowa, ko da lallashi na yi niyya. Shekarun da na yi ina yi wa 'yan firamare tsawa sun sa muryata ta manta yadda ake magana a hankali. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ki karanta ta yau, kafin ki shiga mota gobe da safe. Kar ki ce sai kin isa, don idan kin isa ba ta da sauran amfani.

Na san 'yan makonni ne kawai za ki yi a jami'ar. Kwas ɗin dogon hutu ne, sun ɗauki 'yan sakandare masu ƙwazo za su koya muku darussan jami'a, abin da kika ci a ajiye miki, a ƙirga shi cikin digirinki ranar da kika shiga sosai. Abin alfahari ne. Duk matan gidan hayar nan sun shigo sun yi mini barka, na yi ta washe baki ina amsawa. Amma raina babu daɗi, kuma ke ma na ga abinci ba ya shigar miki. Hussaina, wadda kuka kwanta ciki ɗaya, ta kwashe kayanta ta koma Zuma gidan Gwaggo Asabe, har da kayan makaranta, ta ce ko an koma makaranta ba za ta dawo nan Kwamba ba. Tsorona ɗaya ne: ki tafi gobe ba ku yi magana ba, ki dawo ki tarar ba ki da 'yar'uwa. Ba ke kika ƙulla wannan abu ba. Ni na ƙulla shi, tun ba ku da wayo, kuma yau zan gaya miki yadda aka yi.

Ni ma na yi karatun dogon hutu. Namu na malamai ne, wanda ake yi da damina idan an rufe makarantu, a yi ta haɗa shi guntu-guntu har ya zama digiri. A lokacin takardar kwalejin malamai kawai gare ni, ina ji ina gani ana kawo yaran da na girma ana ɗora su a kaina saboda suna da digiri. Abin ya tsaya mini a wuya. Da na samu gurbi kuna da shekara ɗaya da 'yan watanni, ba a yaye ku ba. Matar da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata ta ce uwa ɗaya, goyo ɗaya, gadon ba ya ɗaukar mutum uku. Marigayi babanku kuwa tun asuba yake bin motar Abuja, sai bayan isha'i ake ganinsa. Ya ce duk yadda na gani.

Ke a lokacin haƙori ya sa ki a gaba, kin rame, sai idanu. Hussaina kuwa ɓul-ɓul da ita, tana cin tuwo da hannunta, ba ta kuka sai da dalili. Sai na ce mai lafiya ita za a bari. Kin ji hukuncin da na yanke: yarinya ta yi lafiya, ladanta a raba ta da nono.

Malama Rifkatu, wadda ƙofarta ke kallon tamu, ta same ni ina ɗaure kaya. Ta ce, "Maman 'yan biyu, ko a wajenmu ba a raba su fa. Ki bari sai baɗi mana."

Na ce, "Baɗi ma 'yan biyu ne, ba za su koma ɗaya ba."

Ta juya ta koma ɗakinta. Ni ma na san al'adar, ba sai an koya mini ba. Abin da aka saya wa ɗaya shi ake saya wa ɗaya, ko alewa ce sai an raba daidai. Tsofaffi har cewa suke wanda ya ɓata wa 'yan biyu rai sai ya kwana da kunama. Na yi dariyar wannan, ni 'yar boko. Kunama ba ta taɓa harbina ba, amma da ita ce ta harbe ni da tuni zafin ya wuce.

Na kai ta Zuma wajen Gwaggo Asabe, yayar babanku. Gwaggo ta ɗauke ta ta je nuna mata 'yan awaki, ni kuma na goya ki na sulale ta bayan rumbu. Ban yi mata sallama ba. Na ce yarinya ce, me ta sani.

To, ga abu na farko da zan gaya miki. Kar ki taɓa ɗauka cewa wanda bai yi kuka ba bai ji ciwo ba. A can za ki haɗu da masu surutu da masu shiru, kuma hankalin kowa kan masu surutu yake tafiya. Ki riƙa duban mai shiru. Sannan duk inda za ki bari, ki tsaya ki yi sallama, ko da za a yi kuka. Kukan da kika guje wa ba ya tafiya ko'ina, jiranki yake.

Niyyata ita ce damina ta biyu in yi musanya, in tafi da ita in bar ki. Wallahi da wannan niyyar na kwana na tashi duk shekarar. Da lokaci ya zo sai na fara lissafi irin na malamai. Ke kin saba da matan ɗakin, kowa na ɗaukarki, ina shiga lakca da ke ki yi barci a cinyata ba ki ce uffan ba. Ita kuwa ba ta yarda da baƙo, kuma ta saba da Gwaggo. Kwas ɗin ga shi da gudu, abin da ake koyarwa a wata huɗu shi ake ɗura mana a makonni, babu ranar rarrashin yaro. Na ce bari dai wannan karon, baɗi sai a yi musanyar. Haka na ce a damina ta uku. Haka na ce a ta huɗu. "Ta saba" ita ce kalmar da na yi ta rufe bakin kowa da ita, har da nawa.

Ki ji tsoron abin da ya zo miki da sauƙi, Hassana. Ni ban taɓa zama na ce zan fifita ki a kan 'yar'uwarki ba. Kullum abin da ya fi sauƙi na ɗauka, sai ga shi ya taru ya zama zalunci. Ke ma za ki ga gudun karatun nan. Za ki ce bari in gama wannan jarrabawar sannan in kira gida, bari in gama waccan. Jarrabawa ba ta ƙarewa. Ni da na gama tawa na waiwayo, yarinyar da na bari tana rarrafe da gudu ta riga ta iya ɗaura zani.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, ko babanku ya tafi bai ji shi daga bakina ba.

Hanyar jami'armu ta Zuma take bi, kamar yadda taki za ta bi gobe. Kin san wurin da Gwaggo ke gasa masara a bakin titi da damina, inda dutsen yake tsaye a kan mutane. A damina ta ƙarshe kuna da shekara huɗu da wani abu. Na kai Hussaina da yamma na dawo, washegari muka shiga mota ni da ke. Na ɗinka muku riguna ja iri ɗaya, na saya muku takalman roba ja iri ɗaya, don a wajen kaya ban taɓa saɓa al'ada ba. Muna isowa Zuma wani fasinja ya ce direba ya tsaya zai sayi masara. Duk tsawon titin nan direba bai ga wurin tsayawa ba sai daidai gaban Gwaggo.

Na hango ta tun kafin mota ta tsaya. Tana tsaye a kan benci da jar rigarta, tana ɗaga wa kowace mota hannu. Ashe Gwaggo ta gaya mata yau Mama za ta wuce.

Ranar ce ranar ƙarshe ta rajista. Na san idan ta gan ni za ta riƙe ni, mota ba za ta jira ba, shekara ta tafi. Sai na danna kanki a cinyata, na ja mayafi na rufe mu duka, na sunkuya kamar mai neman abu a ƙarƙashin kujera. Ke kina dariya, kin ɗauka wasan ɓuya muke. Ina jin ƙamshin masara, ina jin muryarta dab da taga tana tambayar mutane, "Kun ga Mamana? Mamana tana ciki?" Wata mata a gaba ta ce, "Ayya, 'yar yarinya, ba ta nan." Ban ɗago ba sai da na ji mun hau titi sosai. Na yi rajista a kan lokaci.

Da hutun ya ƙare na je ɗauko ta. Ta fito daga ɗakin Gwaggo ta tsaya nesa, ta ce, "Sannu da zuwa, Malama." Haka maƙwabtan Gwaggo suke kirana. Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi. Da muka dawo gida ta ci gaba, na hana ta, na yi mata tsawa, ranar nan har na mare ta. Ba ta yi kuka ba, kuma ba ta daina ba. Kin tashi kin ji tana kirana Malama, kin ɗauka wasa ne irin na gida. Ni ma na bar shi a haka, don ya fi mini sauƙi.

Kar ki ɓoye fuskarki ga wanda yake nemanki. Idan ba za ki iya yin abin da yake so ba, ki dube shi ki ce ba zan iya ba. Zai ji haushi, amma zai san an gan shi. Da na leƙo ta tagar nan na ce, "Ga ni, zan dawo," da ta yi kuka na yini ɗaya. Ban leƙo ba.

Kar ki ɗauka ina cewa karatu ne ya cuce ni. Kar ki kuskura. Digirin nan shi ya riƙe gidan nan bayan rasuwar babanku, da shi na zama shugabar makaranta, kuma da za a mayar da ni baya zan sake yinsa. Sai dai zan yi shi da musanya, ko in ƙara shekara. Ki yi karatunki da gaske, ki zauna a gaba, ki yi tambaya ko za a yi miki dariya. Kar ki yi haddar da muka yi, mu zuba a takarda mu fito kai wayam. Ki ci abinci da safe ko ba kya so, ki riƙe sallarki, lema tana cikin aljihun jakar ta gefe. Idan wani babba ya ce ki same shi a ofis ke kaɗai, ki tafi da ƙawa, idan ya yi fushi ya sha ruwa. Waɗannan ba su ne damuwata ba, na san kina da hankali.

Da a ce nan abin ya tsaya, da sai in ce ƙuruciya ce. Amma bana da furfurata na sake.

Ke abin da kika sani shi ne makaranta ta zaɓe ki. Ba haka aka yi ba. Malamin ajinku ya aiko in zo. Ya ce jami'ar gurbi ɗaya ta ba makarantarku, kuma da suka duba sakamako sunaye biyu ne suka yi kunnen doki a sama, naki da na Hussaina. Ya ce tun da gida ɗaya ne, uwa ta zaɓa. Ko zama ban yi ba. Na ce, "A sa Hassana. Hussaina ba ta damu da irin wannan ba, ita Zuma take so da hutu."

Ya dube ni ya ce, "Malama, ita ce fa ta fara kawo mana labarin kwas ɗin. Tun zangon da ya wuce take zuwa tana tambaya ko an buɗe."

Kin san me na ce masa? Na ce, "Hassana ta fi sabawa da baƙon wuri." Sai da na hau keke ina hanyar gida na ji maganar ta dawo mini a kunne, na gane inda na taɓa jin ta. Duk da haka ban ce mai keke ya juya ba. Na ce ai an riga an gama.

Kina wurin lokacin da na faɗa muku muna cin tuwo. Kin yi tsalle. Ita ta ce, "To, Malama. Allah Ya ba da sa'a." Ta wanke hannu ta tashi, alhali ko rabin tuwonta ba ta ci ba. Daga baya na gane ta san sunanta na ciki, malamin ya riga ya gaya mata. Jira kawai take ta ji abin da zan zaɓa.

Da na ga ta kwashe har littattafanta, na koma makarantar na ce a canza suna. Suka ce an riga an aika, ba a canzawa. Baɗi kuma kuna ajin ƙarshe, ba a ɗaukar 'yan ajin ƙarshe. Wannan ƙofar ta rufe mata, ni na rufe ta. Na ji kin gaya wa Malama Rifkatu za ki fasa tafiya. Kar ki fasa. Gurbin ba zai koma kanta ba, sai dai ki ƙara mata nauyin cewa ita ta hana ki. Kin san ta, ba ta karɓar abin da aka ba ta don tausayi.

Ranar Asabar da ta wuce, da na ce miki zan je gaisuwar rasuwa a Hashimi, Zuma na je. Na je da shirin faɗa, in ce ta tashi mu tafi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta gasa mini masara mai laushi ta ɓare ta miƙo mini. Irin tarbar da ake yi wa baƙo mai daraja. Na ce, "Hussaina, me na yi miki da zafi haka? Kwas ɗin makonni ne fa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba kwas ɗin ba ne, Malama. Ranar nan da mota ta tsaya a bakin titi, na ga takalmin Hassana ta ƙarƙashin mayafi. Ja ne, irin nawa."

Na juya wajen Gwaggo. Tana fifita gawayi, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ni ma na gan ki. Na yi shiru ne saboda ƙanena."

Shekara goma sha biyu yarinyar nan tana ɗauke da wannan a cikin gidana, tana share mini ɗaki, tana yi miki kitso ranar Juma'a. Na dawo Kwamba ban san yadda na hau mota ba.

Ke ma akwai abin da zan gaya miki, kuma ba za ki ji daɗinsa ba. Kin saba a zaɓe ki. Ni na saba miki, amma yanzu kin girma, halin ya zama naki. Kujerar gaba taki ce, tsokar da ta fi girma taki ce, ba kya ƙwace, miƙo miki ake yi, ke kuma ba kya waiwayawa ki ga wa aka tsallake. Ranar da na faɗi maganar kwas ɗin nan ba ki tambayi ko ita ma ta so ba. Tun da ta tafi ina ganinki kina rubuta saƙo a waya kina gogewa. Ki ajiye wayar nan. Abin da ya lalace a bakin titi ba a waya za a gyara shi ba.

Ga abin da nake roƙonki, kuma ban taɓa roƙonki komai ba.

Na je tasha yau da safe na yi magana da direban da zai ɗauke ku. Dattijo ne, ya fahimta. Na kama miki kujerar bakin taga, ɓangaren masu masara. Idan motar ta iso Zuma zai tsaya a gaban Gwaggo. Ki buɗe ƙofa ki sauka. Kar ki yi magana ta taga, ki sa ƙafarki a ƙasa ki je inda take.

Ban san abin da za ki ce mata ba. Da na sani da na faɗa tun kuna shekara huɗu. Abu ɗaya dai, kar ki ba ta haƙuri a madadina. Wannan kayana ne, zan yi ta zuwa duk Asabar ina zama a gidan Gwaggo har ta gaji da kawo mini ruwa kamar baƙuwa, ko in mutu ina zuwa. Ke ki je a matsayinki na wadda ke ƙarƙashin mayafin, ba ki san komai ba, yanzu kuma kin sani. Idan ta juya miki baya, ki tsaya. Idan fasinjoji suka fara ƙorafi, direba ya ce oya a tafi, ki sauke jakarki ki bar su su tafi. Motoci ba sa ƙarewa a wannan titin. Idan kin makara rajista ni zan je in tsaya a gaban ko wane ne, na iya wannan.

Ba zan ruɗe ki ba, mai yiwuwa ba za ki same ta a wurin ba. Gwaggo ta ce tun da ta zo ba ta yarda ta zauna a bakin titi ba, a gida take gasa masarar a fito da ita. Amma jiya Gwaggo ta kira ni ta ce Hussaina ta tambaye ta wace rana ce tafiyarki, kuma motar ƙarfe nawa. Ko don ta fito ta tambaya, ko don ta san lokacin da za ta shige ɗaki, ban sani ba. Idan ba ki gan ta ba, kin san gidan. Ki bi ta bayan rumbun nan da na sulale, ki shiga ki yi sallama.

Allah Ya tsare mini ke a tafiya da zama da dawowa. Allah Ya buɗa miki abin da za a koya miki, Ya sa ya amfane ki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane. Allah Ya ji ƙan babanku. Allah Ya tsare mini Hussaina a inda take, Ya sanyaya mata zuciya ko da ba a kaina ba. Abin da na raba da hannuna, Allah Ya haɗa shi ta hannunki. Amin.

Ba zan raka ki tasha ba, kar ta hango ni a motar ta fasa fitowa.

Ni ce mahaifiyarku ku biyu,
wadda ɗayarku take kira Mama.